Lambar da Maiturare ta Nema

A shekarar 2010 na fara ganin Maiturare, shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu ta cikin dutsen zinari. Lokacin na riga na ajiye aikin gidan waya. Da likitocin waje suka buɗe ɗakin jinyar yara a nan Anka, sai aka rasa mai juya magana tsakaninsu da iyaye mata. Wani ya tuna cewa ni ɗan makarantar mishan ne ta Gusau, tun zamanin da ake dukan yatsu da rula in ka karkata baƙi ɗaya. Aka zo har gida aka kira ni. Daga nan sunan Baba Tafinta ya bi ni, har ya danne Sanusin da mahaifina ya raɗa mini.

Daga Abare ta zo, yarinya ce da ba ta daɗe da haura ashirin ba, doguwa, mai ƙarancin magana. Tana goye da jaririya, Rufaida. Uwar mijinta, wata tsohuwa da ake kira Inno, tana saɓe da babban, Usama, wanda bai isa shiga makaranta ba. Mijinta Mu'azu ya yi abin da kowa ya yi a ƙauyen: ya kawo dutse gida, mata suka daka shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Babu wanda ya san ƙurar guba ce.

A ɗakin nan kowace uwa ta koyi abu guda, wato lamba. A ɗebi jinin yaro, a sa a na'ura, ta fitar da lamba. In lambar ta yi sama, a ba da magani na wasu kwanaki, a tsaya, a sake awo. In ta sauka, a ce an gama. Kuma ni da bakina na sha maimaita musu gargaɗin likitoci: kada a wuce kwanakin da aka yanka, maganin da ya yi yawa shi ma cuta ne. Matan da ba su taɓa riƙe alli ba sun haddace lambobin 'ya'yansu kamar Fatiha.

Usama bai kai ga awo na biyu ba. Da hantsi ya cika, a hannun kakarsa. Inno ta yi kuka har aka riƙe ta. Maiturare kuwa ta juya fuskarta ga bango, ta gyara goyonta, ba ta ce uffan ba. Likitar da ke kula da ɗakin ta ja ni gefe, ta tambaye ni ko uwar ba ta fahimci abin da ya faru ba ne. Na ce ta fahimta sarai. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane, a raye ko a mace. Likitar ta koma bakin aikinta.

Rufaida ta rayu. An yi mata zagayen magani ba ɗaya ba, ba biyu ba, har lambarta ta sauka. Ranar da aka sallame su, na tambayi Maiturare labarin gida. Ta ce ma'aikata sun zo sun kankare ƙasar tsakar gidan duka, sun loda a mota, sun zuba sabuwa. Sai ta ƙara da cewa, "Har sawun wancan sun kwashe, Baba." Abin da ta faɗa ke nan game da shi, kuma na yi shekaru ban ji ta ƙara ba.

Bayan shekaru, da ɓarayin daji suka hana ƙauyuka sakat, Mu'azu ya kwaso iyalinsa zuwa Anka. Allah ya sa gidan da ya kama haya katanga ɗaya ce da nawa. Shi ya koma kabu-kabu da babur, ita ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ban san mai tsabtar aiki kamarta ba. Turmin gyaɗarta sabo ta saya, ta hana kowa daka ko da barkono a ciki, kuma ba ta aza kasko sai ta yayyafa wa tsakar gida ruwa don kada ƙura ta tashi. Matata Hure ta ɗauke ta 'ya. Kullum da safe ta kan katanga suke gaisawa.

"Inna, an kwan lahiya? Ya tsohon mijin naki?"

"Ga shi nan, ya gama da ƙulin jiya da haƙoransa huɗu."

"A gaya mai in ya ƙarasa su, ba ni da na ramko."

Ƙarar taɓaryarta ita ce agogona na safe. Saboda haka da ta ɗauke, a ƙarshen 2020, ni na fara lura.

Da shiru abin ya fara. Hure ta shiga ta same ta zaune a bakin ɗaki, gyaɗa a buhu tana neman lalacewa. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Abinci sai an matsa mata. Takan farka tun kafin assalatu, ido biyu har gari ya waye, sannan ta kasa tashi ta hura wuta. Ta daina kitso, ta daina zuwa suna da biki. A lokacin ne aka maimaita wa Rufaida aji, malaminsu ya ce yarinyar tana da ƙoƙari amma kanta yana da nauyin ɗauka. Maiturare ta ce wa Hure, "Ni na daka dutsen, Inna. Da hannuna na daka."

An yi abin da aka saba. Mu'azu ya sayo maganin ƙarin jini da ƙwayar barci a kemis. Ta sha, ta yi ta barci da rana, ta tashi yadda ta kwanta. Limamin unguwarmu ya ba da rubutu, kuma shi da kansa ya ce a haɗa da asibiti, don ya ga irin wannan a baya. Aka kai ta awon dalma, domin a ƙasarmu duk abin da ya taɓa mutumin Abare, dalma ake fara zargi. Lambarta ta fito ƙasa. Ina wurin da aka faɗa mata. Maimakon murna, sai ta dubi takardar kamar wadda aka hana wa haƙƙinta.

Labari ya kai Gummi, wurin Alhaji Jabiru, yayan Mu'azu, ɗan kasuwar hatsi, wanda shi ne babba a gidansu. Ba mugun mutum ba ne, amma in ya yanke magana ba ya son a ɗinka. Ya aiko cewa yarinya irin Rufaida tana bukatar ido a kanta. In uwar ba ta miƙe ba, zai ɗauki yarinyar ya haɗa da nasa, ita kuma a mai da ta wurin danginta a Bukkuyum har Allah ya kawo sauƙi.

A makon ne Maiturare ta ce wa Hure, da za a yi mata tayin mutuwa da ba ta ƙi ba. Hure ta shigo gida da sauri ta gaya mini. Na sa hulata na tare Mu'azu a bakin tasha, na ce akwai likitan irin wannan ciwo a Gusau, a kai ta ba da jinkiri ba.

Ya ce, "Baba, in anka ji likitan ƙwaƙwalwa ta gani, cewa za a yi asibitin mahaukata na Kware munka kai ta. Wa zai nemi ɗiyar mahaukaciya?"

Na ce, "Ɗiyar mai jinya da marainiya, wacce ka zaɓar mata?"

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza makullin babur. Sannan ya ce mu tafi jibi.

Likitar mace ce, Zaliha sunanta, ba ta kai sa'ar 'yata ta tsakiya ba. Hure ce ta shiga da Maiturare, mu maza muka zauna a benci. Abin da ya gudana a ciki daga bakin Hure na ji shi. Ta ce likitar ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi barci, ta tambayi ci, ta tambayi tun yaushe, ta tambaya ƙarara ko tunanin cutar da kanta yana zuwar mata. Ta sa aka yi wasu gwaje-gwajen jini don a tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya a baya ba. Da ta ce, "Kin taɓa rasa wani naki?" sai Maiturare ta kafe ido a ƙasa. Hure ta ce a hankali, ɗan fari ne. Likitar ta ce, "To, ba sai kin kira shi yau ba."

Daga baya aka kira mu ciki. Likita Zaliha ta ce wannan ciwon damuwa ne mai tsanani, sananne ne, kuma yana jin magani. Ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ba za a ga canji nan da nan ba, sai an yi makonni. Wataƙila ta ji tashin zuciya da farko, zai wuce. A bar ƙwayar barcin kemis. Ta riƙa dawowa suna zantawa, don zancen ma rabin magani ne. Kuma kada a daina sha sai da saninta, ko da an ga sauƙi.

Maiturare ta ɗago kai, karo na farko. "Likita, nawa ce lambata?"

"Wace lamba?"

"Ta ciwon. In ta sauka mu san an gama."

Likitar ta yi ɗan murmushi. "Wannan ba shi da lamba, Maiturare. Daga bakinki zan riƙa jin inda muka kai."

Ta gyaɗa kai. Duk muka ɗauka ta gamsu.

Makonnin farko ba mu ga komai ba, har Mu'azu ya fara ƙunƙuni. Sannan wata safiya, gab da azumi, na ji taɓarya. Na ajiye kofin shayina na saurara, don in tabbata daga gidansu ne. Kafin damina ta yi nisa ta koma kitso, ta yi ƙiba kaɗan, ta koma zolayar haƙorana. Da azumi likitar ta mayar mata da shan ƙwayar lokacin sahur, Maiturare kuwa ba ta fasa ko ɗaya ba. Saboda halin hanya, a zuwansu na ƙarshe aka ba ta maganin da zai kai ta wata biyu. Alhaji Jabiru ya yi shiru da zancensa.

Sai aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, a ƙarshen daminar 2021, don yaƙi da ɓarayi. Aka tsai da kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Mu da muka yi aikin gidan waya mun san zamanin da saƙo ke kwana a jaka yana tafiya, amma a wancan zamanin mutum yakan hau keke daga Anka zuwa Gummi ba abin da yake tsoro sai faci. Yanzu ba waya, ba hanya. Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce.

Ba a jima ba ta fara ƙorafin jiri. Ta ce wa Hure wani abu yana fizgar ta a cikin kai kamar walƙiya. Barci ya sake gudu, ta koma saurin fushi, abin da ba halinta ba. Wata ranar Talata tana suyar ƙuli, ta miƙe, jiri ya kwashe ta, ta faɗi ta bugi kaskon. Mai ya fallatsa wa Rufaida a ƙauri. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, an wanke an ɗaure a asibiti, amma Maiturare ba ta sake kallon murhu ba. Ta koma bakin ɗaki ta zauna, kamar ba a taɓa yin komai ba. Wani direba ya kai labarin Gummi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar da motar Alhaji Jabiru a ƙofar gidan. Ya zo da Inno. Aka aiko kirana, na same su a zaure, Mu'azu ya takure a gefe.

Alhaji ya ce, "Baba, don girmanka na ce a kira ka, ba don shawara ba. Na bari, na bari. Yau ƙauri, gobe mi? Ƙwayoyin ga da kunka ɗora ta a kai, su sunka juya mata kai. Yarinya za ta bi ni yau."

Na ce, "Alhaji, maganin nan mun ga amfaninsa da idonmu."

"Ga amfanin nan ɗaure a ƙahwar ɗiyata."

Ni ma abin ya ɗaure mini kai, yadda magani zai yi aiki wata da watanni sannan ya juya. Na ce a kawo shi in gani, ko an sauya mata wani ne. Hure ta shiga, ta ɗan jima, ta fito da ledar asibiti. A cikin kwalla ta same ta, can ƙasan jere. Ta zazzage a tabarma. Katin farko ne kawai aka taɓa, sauran duk a rufe.

Mu'azu ya miƙe ya leƙa cikin gida. "Ke! Ba ki sha?"

Muryarta ta fito daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa. "Na gama zagayena."

"Wane zagaye?"

"Ita ɗiyar, sha anka yi mata a huta, a sha a huta. Ni na sha ba hutu tun kahin azumi. Na ji sauƙi. Ba waya in tambaya. Baba da bakinai ya ce muna in magani ya wuce kwanakinai cuta ne."

Maganata ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai dai a kan wani magani na faɗe ta, a wani ɗaki, shekaru goma sha ɗaya baya.

Mu'azu ya ɗauki kati ya fara ɓallewa. "A ba ta ruwa. Ta sha biyu yanzu, biyu da dare, ta rama."

Na riƙe hannunsa. Na ce ba mu san ko da guda za a koma ba, ko da rabi, ko ma a sauya. Wadda ta rubuta shi ita za ta faɗa.

Alhaji ya tafa hannu. "To kun ji. Da magani ba lahiya, ba magani ba lahiya, mai maganin kuma tana Gusau, ba waya. Mu'azu, a haɗo kayan yarinya."

Sai labulen ya motsa. Maiturare ta fito cikin hijabi, tana dafa bango, ta durƙusa nesa da shi. Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawo an yi makonni.

Ta ce, "Yaya, ba ni ja da kai. Amma ka kai ni wurin likita, kai da kanka, ka tambaye ta da bakinka. In ta ce ba ni iya riƙon ɗiyata, ni zan ɗaure mata kaya. Guda ƙasa ta karɓa, ban ce komi ba. Wagga kada a karɓe ta da zato."

Sai Inno ta ce, "Jabiru, ka ji ta."

Ya dubi uwarsa, ya dubi hanyar waje. Kowa ya san abin da ake nufi da zuwa Gusau a makonnin nan. Ya ce, "Litinin. In ba a samu likitar ba, magana ta ƙare."

Kwanakin da suka rage Hure ba ta bar ta ita kaɗai ba ko na sa'a guda. Ranar Litinin muka shiga motar Alhaji, shi da Mu'azu a gaba, ni da Hure da Maiturare a baya. Muka jira a bakin gari har motoci suka taru, aka bi bayan sojoji a jere. Alhaji yana ta jan carbi a kan sitiyari. A wani wuri da gero ya yi tsawo har ya rufe ido ta kowane gefe, motocin gaba suka tsaya cak. Wasu mutane sun fito daga gona suna ɗaga hannu. Aka kashe injuna. Maiturare ta jingina kai da gilashi, ta rufe ido, zufa na zuba. Alhaji ya waiwayo, ya miƙo gorar ruwansa ba tare da ya dube ta ba, ya ce wa Hure, "Ba ta." Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Daga baya wani soja ya zo yana kaɗa hannu, aka tayar.

Mun isa an kusa tashi. Ma'aikacin da ke ƙofa ya ce an rufe karɓar kati. Alhaji ya dubi Mu'azu, ya ɗaga gira. Sai ga Likita Zaliha ta fito da jaka a kafaɗa. Ta tsaya, ta dubi Maiturare daga sama har ƙasa, ta ce, "Ina kika shiga? Na yi ta cigiyarki wurin duk wanda ya zo daga Anka." Ta juya ta buɗe ofishin.

Ta fara ganin ta ita kaɗai, suka daɗe. Sannan ta kira mu duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce jirin da fizgar kai, jiki ne ke jin an janye masa magani farat ɗaya, kuma za su wuce. Zaman bakin ɗaki kuwa ciwon ne ya dawo, don an sake shi bai gama warkewa ba.

Ta ce, "Maganin dalma wanki yake yi, a fitar da guba a tsaya. Kin riƙe wannan darasin daidai, da shi kika raya 'yarki. Amma wannan ba wanki ba ne. Kin taɓa ganin ɗori?"

"Na gani."

"In ciwon karaya ya daina zogi, a ranar ake kwance karan?"

"A'a. Sai maɗori ya ce."

"To ni ce maɗorin. Za mu koma da kaɗan, mu ƙara. In kin warke za ki ci gaba da sha watanni masu yawa, sannan mu riƙa ragewa a hankali, tare. In hanya ta sake rufewa, ki ci gaba da sha yadda na rubuta, kada ki tsaya. Zan ba ki sunan wani ma'aikacin jinya a Anka da za ki riƙa gani kafin ki iso ni."

Alhaji Jabiru ya gyara zama. "Likita, ni ba ni da boko, tambaya guda gare ni. Matar ga tana da hankalinta ko babu? Yarinya tana da aminci a hannunta?"

Na ga yatsun Maiturare sun damƙe gefen hijabinta.

Likitar ta ce, "Hankalinta ɗaya, Alhaji. Mara lafiya ce, ba mahaukaciya ba. Ba zan ɓoye maka ba, makonnin da ke tafe masu nauyi ne. Kada ta matsa kusa da mai ko wuta har jirin ya tafi, kuma a samu babba ya zauna da su dare da rana, maganin ma a hannunsa zai zauna. In kun yi haka, yarinya tana da aminci. In kuka raba su, ban ce ba za ta warke ba, amma kun ɗora mata dutse a kan karaya."

"In ta sake bari fa?"

Maiturare ce ta amsa. "In na sake bari ba da sanin likita ba, Yaya, ka zo ka ɗauka. Ba sai an yi zaure ba."

Alhaji ya mai da carbinsa aljihu. Sannan ya ce, "Inno za ta zauna da ku har a gama kaka. Daga nan mu gani."

Inno ta zauna har kakar ta wuce, ta ƙara da wata. Kowace safiya ita ke ɓalle ƙwayar ta miƙa, tana cewa, "Karɓi goronki, amarya." Alhaji ya zo bayan girbi, ya tarar da kasko a wuta da Rufaida tana jera ƙuli a faranti. Ya ci, ya sa aka ɗaure masa na tsaraba, bai tada zancen ba, kuma bai sake ba. An fi shekara kafin likitar ta fara rage maganin, kuma ragewar ma ta ɗauki watanni. Hure ta gaya mini cewa a ɗaya daga cikin zaman nan, da ƙofa a rufe, Maiturare ta kira sunan Usama, ta yi kukan da ba ta yi ba a ɗakin jinya. A waje kuwa har yau "wancan" take cewa.

Ranar da aka sallame ta, ta aiko mini da kwalbar mai, ta leƙo ta katanga. "Baba, kai da Inna kun shiga hanyar mutuwa saboda ni. Da mi zan biya ku?"

Na ce ta rage wa ƙuli tauri, mun yafe sauran.

Bara matar ɗana Nuraddeen, Zinatu, ta haihu, suna zaune a sashen bayan gidana. Bayan an yi arba'in, sai na lura Maiturare ta ɓullo da sabuwar al'ada: wai gyaɗar Anka ta daina yi mata, sai ta je Gusau saro. Kuma duk zuwa sai ta roƙi Nuraddeen ya ba ta aron Zinatu ta raka ta. Na yi ta mita. Gyaɗa a ƙofar gida, a ɗauki mai jego da jariri a hau wannan hanya? Hure ta ce in sa ido in yi shiru, Nuraddeen ya ce shi ya yarda. Buhun da suke dawowa da shi ma bai taka kara ya karya ba.

Sai kwanan baya, Zinatu ta kawo mini shayi, ta durƙusa, ba ta tashi ba. Ta ce tun bayan haihuwa ta shiga wani duhu, ta riƙa jin tsoron ɗaukar ɗanta, ta kasa gaya wa kowa. Maiturare ce ta gane, daga ganin yadda take zama a bakin ɗaki. Ita ta shawo kan Nuraddeen, ita ta kai ta wurin Likita Zaliha, kuma kowace safiya takan shigo da sunan aron rariya don ta ga an sha magani. Zinatu ta ce an fara rage mata yanzu, shi ya sa ta ga ya kamata in sani.

Na jira har na ji taɓarya ta tsaya, na je bakin katanga na yi sallama. Na ce, "Maiturare, ashe gyaɗar Gusau ke nan."

Ta share zufar goshinta. Sannan ta ce, "Ta hi mai, Baba. Tambayi kowa." Ta ɗaga taɓaryarta ta ci gaba da daka.